Daga tukunyar gida zuwa rishon ɗaki: abin da shiga jami'a ke yi wa cin ɗalibi da jikinsa

Duk wanda ya taɓa raka yaro tasha ranar da zai tafi jami'a karon farko ya san cewa jakar abinci ta fi ta tufafi da littattafai nauyi. Uwa takan kwana biyu tana haɗa ta: shinkafa da wake da garin kwaki a ƙulle cikin leda biyu-biyu, galan ɗin man gyaɗa, yajin da aka daka da citta da tafarnuwa, ƙuli-ƙuli, dambun nama idan da hali, da tumatirin da aka soya har ruwansa ya ƙone don ya yi makonni bai lalace ba. A bakin mota kuma, bayan addu'a da gargaɗi kan abokan banza, maganar ƙarshe ba ta wuce a riƙa cin abinci a kan lokaci ba. Kayan jakar za su kai wata guda, wataƙila su ɗan zarce. Lokacin cin abincin kuwa, wanda shi ne uwar ta fi damuwa da shi, ba a iya ƙulle shi a leda, kuma shi ne abin da ke fara ɓacewa tun makon rajista.

Kafin a fahimci abin da ke faruwa da cikin ɗalibi a shekararsa ta farko, sai an fara lura da abin da ya baro. A gidan Bahaushe, cin abinci tsari ne da wani ke ɗauke da nauyinsa ba tare da yaro ya sani ba. Akwai mai cefane, akwai mai girki, akwai lokacin da ake sauke tukunya, kuma ko yaro yana so ko ba ya so, ganye yana shiga cikinsa ta hanyar miyar kuka da kuɓewa da taushe da ɗanyen zogale a kwaɗo. Da safe akwai ɗumame ko koko da ƙosai, da dare akwai tuwo. Wanda ya yi makarantar kwana ma, duk da ƙorafin da ake yi kan abincinta, ƙararrawa ce ke kai shi ɗakin cin abinci sau uku a rana. Rana ɗaya sai wannan yaro mai shekara 17 ko 18 ya wayi gari shi ne mai cefanen, shi ne mai girkin, shi ne ma'ajin kuɗin, shi ne kuma ƙararrawar, alhali babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da aka taɓa koya masa a matsayin darasi. Ra'ayina shi ne, mafi yawan abin da muke kira sakacin ɗalibai da lafiyarsu ya samo asali ne daga wannan giɓi, wato tsarin gida ya janye kuma babu wani tsarin da ya maye gurbinsa.

Binciken da aka fi yi a kan wannan batu daga Amurka da Kanada da Turai ya fito. A Amurka har suna da wata magana da ta zama ruwan dare, cewa sabon ɗalibi yakan ƙara laba 15 a shekararsa ta farko, wato kusan kilo 7. Da masana suka tattara sakamakon bincike masu yawa suka auna, sai aka ga maganar ta yi zuƙu. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya haɗa bincike sama da 20, ya nuna cewa matsakaicin ƙarin nauyin bai kai kilo 1 da rabi ba, sai dai kusan kashi 60 cikin 100 na ɗaliban sun ƙara nauyi, kuma a cikin waɗanda suka ƙara ɗin matsakaicin ya haura kilo 3. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da tsawonsa ya kusa tsayawa, musamman da yake ƙarin yana zuwa ne cikin 'yan watanni. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka fitar da nazari kan motsa jiki, inda suka gano cewa barin sakandare yana tafiya da raguwar kusan minti 7 a kullum na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga, kuma ga waɗanda suka wuce jami'a raguwar ta kai minti 11. Minti 11 a rana kamar ba komai ba ne, amma idan aka tara shi a mako ya haura minti 75, wato rabin mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu, minti 150 a mako.

Sai dai kuskure ne a kwaso wannan hoto a ɗora wa ɗalibin jami'ar da ke Samaru a Zariya ko ta Kabuga a Kano ko ta Dundaye a Sakkwato yadda yake. Ɗalibin Amurka yana shiga ɗakin cin abinci da aka riga aka biya kuɗinsa, ya ci iya cikinsa, ya ƙara da giya a ƙarshen mako, saboda haka matsalarsa ta yawa ce. Namu ɗalibin yana shiga makarantar da ba ta ciyar da kowa, da kuɗin da aka ƙidaya masa, a garin da farashin kwano ke canjawa tsakanin zangon karatu ɗaya da na biye. Abin da ya haɗa su biyun shi ne rushewar tsarin gida, amma abin da ke biyo bayan rushewar ya bambanta ƙwarai, kuma a wurinmu ramewa da ƙiba suna iya kwana a ɗaki ɗaya, gado sama da gado ƙasa.

Ba haka abin yake ba tun asali. A shekarun 1960 da 1970 jami'o'in Nijeriya suna ciyar da ɗalibansu a kafteriya da tikitin abinci mai rahusa, kuma waɗanda suka yi karatu a Zariya ko Ibadan a wancan zamani har yau suna ba da labarin shayi da ƙwai da safe da kaza ranar Lahadi. Abinci yana da matsayi a rayuwar jami'a har ya kai ana zubar da jini a kansa. A ranar 1 ga Fabrairun 1971 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan yayin zanga-zangar da ta taso daga ƙorafi kan yadda ake tafiyar da ciyarwa. A watan Afrilun 1978 kuma, ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2, ya tayar da boren da ɗalibai suka nemi a sauke Kanar Ahmadu Ali daga kujerar kwamishinan ilimi na tarayya, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, aka bar wa 'yan kasuwa da masu tuwo-tuwo da masu shayi fagen. Tun daga lokacin cin ɗalibi ya koma sha'aninsa shi da iyayensa, jami'a kuwa ta tsaya ga lacca da jarrabawa. Ban ce a koma wancan tsari yadda yake ba, domin yawan ɗaliban yau ya ninka na wancan lokaci sau da yawa. Abin da nake nunawa shi ne, halin da ake ciki yanzu shawara ce da aka yanke a wani lokaci sananne, kuma abin da aka yanke da shawara ana iya sake duba shi.

Ɗalibai sun ƙirƙiro wa halin da suka samu kansu lissafi na musamman. Za ka ji ɗaya yana cewa yau 0-1-0 yake yi, wato ba kari, ba abincin dare, sai na rana kaɗai, wani kuma 1-0-1 ko 0-0-1. Ana faɗar wannan da dariya, amma bayaninsa na gaske ne, kuma yana tsananta ne a makonnin ƙarshe na zango, daidai lokacin da kayan jakar gida suka ƙare kuma jarrabawa ta ƙarato. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Asusun bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiyar kansa. Idan aka raba wannan kuɗi kwana 30, abin da ya faɗo wa kowace rana bai kai naira 700 ba, kuma a ciki ne za a fitar da kuɗin mota da na buga takardu da na data da sabulu. Taimako ne na gaske ga wanda ba shi da komai, amma duk wanda ya je kasuwa kwanan nan ya san iyakar abin da zai iya saya.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne sanin abin da ake fara yankewa idan kuɗi ya yi kaɗan, domin ba a yanke abinci daidai wa daida. Nama da kifi da ƙwai su ne ke fara tafiya, sai 'ya'yan itace, sai ganye. Abin da ke saura shi ne wanda ke cika ciki da arha kuma ba ya lalacewa: shinkafa, taliya, garin kwaki, burodi, mai da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma zai yi wuya a samu ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanan makaranta yana kusantar wannan adadi, sai fa lokacin mangwaro ko kankana. Ba rashin sani ne ya kawo haka ba, domin ɗalibin da ke karanta ilimin abinci ko likitanci shi ma garin kwakin yake sha. Alayyafo da tumatir ba sa kwana biyu a ɗakin da babu firji a zafin watan Afrilu, miyar ganye tana cin lokaci da ruwa da makamashi, ɗakin da aka gina don mutum huɗu kuma sau da yawa yana ɗauke da ninkin haka. Makarantu da yawa sun hana girki da na'urar lantarki saboda tsoron gobara, kananzir ya yi tsada, gas ma haka. Idan aka haɗa waɗannan duka, abincin da zai yi nasara shi ne wanda ke dahuwa cikin minti biyar a tukunya ɗaya.

Wannan ne ya sa Indomie ta zama abincin jami'a. Tun da aka fara yin ta a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990 ta dace da rayuwar ɗalibi ta kowace fuska: ba ta lalacewa, ba ta buƙatar gwaninta, kuma ana samunta da ƙarfe ɗayan dare. Ka tsaya teburin mai shayi a bakin ɗakunan kwana bayan an tashi daga karatun dare, za ka ga yadda abin yake. Risho biyu ko uku suna ci, ƙananan tukwane a jere, mai shayin yana yanka albasa da attarugu a tafin hannunsa, yana fasa ƙwai a kofin roba yana kaɗawa, ɗalibai kuma suna zaune a benci kowa da wayarsa, wani yana cewa a sa masa biyu da ƙwai ɗaya, wani yana cewa a rubuta masa sai an turo. Laifin wannan abinci ba ya cikin kwano ɗaya. Taliya ce ta farin fulawa da aka soya a mai kafin a busar, ga gishiri mai yawa a ƙullin ɗanɗanonta, kuma idan aka ci biyu a zama ɗaya an ci babban kaso na giram 5 na gishirin da aka ce kada baligi ya wuce a yini. Idan ta zama abincin dare sau biyar a mako har tsawon shekara huɗu, harshe yana sabawa da wannan gishirin, abincin gida ma sai ya koma masa lami.

Ya kamata a yi wa wasu abincin ɗalibai adalci, domin ba duk abin da ke da arha ne marar amfani ba. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, wanda ake yi wa kallon abincin talaka, ya fi yawancin abin da ake sayarwa a shagunan zamani amfani ga jiki, saboda hatsi da wake suna cike wa juna giɓin sinadaran gina jiki, kuma idan aka yanka masa latas da tumatir da albasa ya zama cikakken abinci. Awara, wadda ake yi da waken suya, tana ba da abin da nama zai bayar a kan kuɗi kaɗan. Haka ɗanwake, da ƙuli-ƙulin da ake jefawa a garin kwaki, da fura da nono, da gyaɗa. Abin takaicin shi ne, ɗalibin da aka fi turo wa kuɗi shi ne ya fi saurin barin waɗannan ya koma ga soyayyen abinci da shawarma da lemon kwalba, domin a idon tsararsa abin da mutum ke riƙe da shi a hannu yana nuna gidan da ya fito. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya kai giram 50 ko fiye, wanda shi ne kusan dukkan abin da aka yarda baligi ya sha a yini guda. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnati ta sa wa irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya sa wani ya fasa saye ba. A nan ne labarin Amurka ya fara kama da namu, kuma a cikin wannan rukuni ne ake ganin ɗalibin da ya dawo hutun farko wandonsa ya matse shi.

Akwai wani abu da na ɗauka ya fi kuɗi ma tasiri, kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne jadawalin lacca. Ɗalibin aji ɗaya yana ɗaukar darussan gama-gari da ɗaruruwan mutane ke halarta a zaure ɗaya, kuma wanda yake son kujerar da zai ji malami dole ya fita tun gari bai gama wayewa ba. Karin kumallo ya tafi ke nan. Daga nan lacca tana bin lacca, a wasu ranakun har la'asar, tazarar da ke tsakani kuma ta tafiya ce daga wannan tsangaya zuwa waccan da tsayawa sallar azahar. Abin da ake iya ci a tsaye shi ake ci: fanke, biskit, cincin, ruwan leda. Sai dare ya yi a haɗa yunwar yini guda a sauke mata tukunya ɗaya mai nauyi, a ci a ƙoshi, sannan a tafi karatun kwana. Ƙarancin barci kuma yana da nasa aikin a jiki, domin bincike ya tabbatar da cewa wanda bai samu isasshen barci ba sinadarin da ke tayar da yunwa yana ƙaruwa a jininsa, wanda ke sanar da ƙoshi kuma yana raguwa, sai ya wayi gari yana kwaɗayin zaƙi da maiƙo. A lokacin jarrabawa ana ƙara wa wannan kofi mai kauri da lemon ƙara kuzari, waɗanda ke korar barcin da ƙwaƙwalwa ke buƙata don ta riƙe abin da aka karanta.

A nan ne ya dace a taɓo maganar olsa, domin da wuya ka shiga ɗakin ɗalibai ba ka samu mai cewa yana da ita ba, kuma kusan kowa yana ɗora ta a kan yunwa. Abin da likitanci ya tabbatar shi ne, mafi yawan gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005, sai kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Zama da yunwa yana tayar da zafin ga wanda yake da ciwon, kuma yana kawo ƙwannafi da ciwon ciki ga wanda ba shi da shi, amma ɗalibin da ya yi shekara uku yana shan maganin kwantar da zafi daga kemis ba tare da an gwada shi ba yana iya kasancewa da cutar da magani na mako biyu zai raba shi da ita.

Sauyin bai faɗa wa maza da mata iri ɗaya ba. Yawancin samarinmu suna isa jami'a ba su taɓa dafa ko shinkafa ba, saboda a gida madafa ba wurinsu ba ce, don haka ko dai su dogara da saye, wanda ke cinye kuɗin wata cikin kwana goma, ko su tsaya kan abu biyu da suka iya. Ina ganin uwar da ta ware hutun da ke tsakanin kammala sakandare da samun gurbin karatu ta koya wa ɗanta miya uku da yadda ake auna cefanen mako ta yi masa abin da ya fi dambun nama daɗewa. 'Yan mata kuwa sun iya girki, kuma sau da yawa suna haɗa tukunya su uku ko huɗu, wanda ke rage tsada kuma yana dawo da wani abu na tsarin gida. Tasu matsalar ta wani wajen take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, wato da yawa daga cikin ɗalibai mata da shi suke shigowa, sannan su faɗa cikin abincin da babu nama babu ganye. Gajiya da jiri da kasa riƙe karatu da ake ɗauka lalaci ne ko wahalar boko, wani lokaci daga nan suke. Ga kuma matsin da ke zuwa daga ƙawaye da shafukan sada zumunta, wata tana ƙin cin abinci don ta rame, wata tana shan maganin da ba likita ya rubuta ba don ta yi ƙiba.

Batun motsa jiki ya fi na abinci sarƙaƙiya, domin idan ka ce wa ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ba ya motsa jiki zai nuna maka tazarar da ke tsakanin ɗakinsa da tsangayarsa da Laburaren Kashim Ibrahim, ya ce ka auna. Yana da gaskiya. Harabar Samaru da sabuwar harabar Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo duk wurare ne masu faɗi, kuma tafiyar ƙafa da sauri tana cikin abin da ake ƙidayawa a minti 150 ɗin nan. Ɗalibin da ba shi da kuɗin adaidaita sahu yana iya cika wannan adadi ba tare da ya yi niyya ba. Ta wannan fuska rashin kuɗi yana kare shi daga abin da ke samun takwaransa na Turai, kodayake tafiya a rana tsaka da cikin da babu komai ba ita ce lafiyar da ake nufi ba.

Abin da ke ɓacewa shi ne sauran nau'o'in motsin da rayuwar gida ke ɗauke da su. Yaron da ya saba buga ƙwallo a filin unguwa kowace yamma har a kira magariba, ko zuwa gona da damina, ko ɗebo ruwa, ko tuƙa keke zuwa aike, da yarinyar da ta saba shara da wanki da daka da hidimar ƙanne, duk suna barin wannan a rana ɗaya. Sakandare ma tana da wasannin gidaje da atisayen safe da dole kowa ya fita. A madadin haka sai zama: awa shida a benci ana lacca, awa uku ko huɗu a ɗakin karatu, sauran kuma a kan gado da waya a hannu. Nazarin Kambirij ɗin da na ambata ya nuna cewa raguwar ta fi yawa a wajen maza, kusan minti 16 a rana idan aka kwatanta da kusan minti 7 na mata, kuma bayanin da ya fi kusa shi ne cewa maza ne suke da abin da za su rasa tun farko, matan sun riga sun rage motsi tun shekarun balaga. Haka abin yake a wurinmu, ko ma fiye.

Jami'o'inmu suna da filayen wasa, kuma gasar wasannin jami'o'i ta NUGA tana gudana tun 1966. Amma wannan tsari na zaƙaƙurai ne, 'yan ƙalilan da za su wakilci makaranta su ciyo lambar yabo. Ɗalibi na gama-gari, wanda ba gwani ba ne kuma ba ya neman zama gwani, ba shi da wani abin da ke jawo shi fili. Akwai tsohuwar al'ada a jami'o'i da dama ta barin yammacin Laraba babu lacca don wasanni, sai dai inda zaure ya yi kaɗan kuma kalandar karatu ta matse saboda yajin aiki, wannan yammacin ne ake fara cinyewa da laccar cike giɓi da gwaji. Ga ɗaliba mace kuma, musamman a Arewa, tambayar ta wuce ta lokaci. Filin a buɗe yake, maza ne cike da shi, kuma yarinyar da ta taso da kunya da sutura ba za ta fito tana gudu a gabansu ba, ba kuma daidai ba ne a ce sai ta zaɓa tsakanin tarbiyyarta da lafiyarta. Wuri mai katanga a cikin harabar ɗakunan mata, da sa'o'in da aka keɓe musu a zauren motsa jiki tare da mai horarwa mace, ba abu ne mai tsada ba idan aka kwatanta da gine-ginen da ake yi, kuma rashinsa yana nufin an cire kusan rabin ɗalibai daga lissafi.

Dalilin da ya sa shekarar farko ta fi sauran muhimmanci shi ne, a cikinta ake kafa ɗabi'un da za su zauna. Mai shayin da ɗalibi ya saba da shi a zangon farko, da sa'ar da ya saba kwanciya, da abokan da ya saba ci da su, yawanci su ne har ya gama, daga nan kuma su bi shi hidimar ƙasa da wurin aiki, inda zaman ya fi yawa kuma kuɗin sayen maiƙo ya samu. Hawan jini da ciwon suga da ake gani a asibitocinmu ga masu shekara arba'in ba a shekara arba'in suke farawa ba. Makon wayar da kan sababbin ɗalibai yana cike da jawabai kan satar jarrabawa da ƙungiyoyin asiri da dokar sutura, kuma duk suna da muhimmanci, amma awa ɗaya da za a nuna wa yaro yadda zai raba kuɗin watansa, da abin da zai saya a kasuwar makaranta wanda zai riƙe shi, da alamomin ƙarancin jini, ba za ta rage wa kowa komai ba. Kwamitin da ke tsara jadawali yana iya barin awa ɗaya tsakanin azahar da laccar yamma a matsayin doka da babu malamin da zai taɓa. Hukumar da ta hana girki a ɗaki saboda gobara, wanda hani ne mai hujja, ita ce kuma ya kamata ta gina madafa ta bai ɗaya a kowane rukunin ɗakuna, da famfo da wurin wanke-wanke da firjin da ke aiki da hasken rana, domin ɗalibar da ta sayo alayyafo ranar Asabar ta same shi da ransa ranar Talata.